Kwana 23 Ban Ci Dafaffe Ba: Abin Da Ɗanyen Abinci Ya Koya Mini Game Da Ɗorewa

Ƙarfe uku da rabi na dare ne, a ɗakin shan shayin ma'aikata na sashen da nake aiki a wani asibiti a Manchester. Watan Janairu, sanyi kamar zai tsaga ƙashi. Mun gama juya marasa lafiya, na kammala rubuce-rubucen da suka rage, na zauna na buɗe robar abincina: yankakken kabeji, karas, kokwamba da rabin tuffa, duk sun yi sanyi ƙalau daga firij. Sai wata abokiyar aikina 'yar Filifin ta jefa burodi a injin gashi. Wallahi ƙamshin nan bai gama zagaye ɗakin ba na ji hannuna yana rawa. Yanka huɗu na ci da bota, na kora da shayi mai madara da suga cokali biyu. Da na gama sai na shige ɗakin da muke ajiye zannuwan gado, na turo ƙofa, na yi kuka. Uwar 'ya'ya biyu, da digirinta na aikin jinya, tana kuka saboda burodi.

Daren nan shi ne kwana na 23 da na yi ban sa komai dafaffe a bakina ba. Na rubuta wannan ne domin tun da na fara maganar a zaurenmu na mata na WhatsApp, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini: "Anti Nas, ya kike yi ba kya karaya?" Amsar gaskiya ita ce na karaya, har ƙasa. Abin da ya biyo bayan karayar shi ne nake ganin zai amfani wani.

Lambar da ta tayar mini da hankali

A watan Oktoban 2023 na je awon jini. A ciki akwai wanda ake kira HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin yawan suga a jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce. A ma'aunin da ake amfani da shi a Birtaniya, ƙasa da 42 lafiya lau, 42 zuwa 47 mutum yana bakin ƙofar ciwon suga, 48 zuwa sama kuwa ya shiga. Nawa ya fito 44.

Na sha karanta wa marasa lafiya irin wannan sakamako ina kwantar musu da hankali. Amma an ce wanzami ba ya son jarfa. Da na ga lambar a wayata, fuskar Baba ce ta faɗo mini. Ciwon suga ya fara cin yatsun ƙafarsa biyu, daga baya aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, kafin Allah Ya karɓi ransa a Zariya a 2019. Ni na riƙa wanke masa gyambon duk lokacin da na je gida hutu, na san warin, na kuma san yadda yake kawar da kai don kada in ga hawayensa. Ga shi mu baƙaƙen fata haɗarin ciwon suga nau'i na biyu yana fara hawa mana tun daga shekara 25, alhali ga Turawa daga 40 ake fara lissafi. Ni kuwa ina da 34 a lokacin, nauyina kilo 86, ga aikin dare da ke birkita ci da barci.

Tsoro ne ya kai ni YouTube. Can na ci karo da masu cin ɗanyen abinci zalla: fata sumul, murmushi har kunne, kwanuka shaƙe da mangwaro da gwanda, suna cewa wuta ce ke kashe abinci. Na yi sati biyu ina kallo. Ranar 1 ga Janairun 2024 na sanar da maigidana cewa daga yau ni da dafaffe sai dai kallo.

Mene ne wannan tsari?

Masu bin sa ba sa cin duk abin da zafinsa ya wuce digiri 40 zuwa 48 a ma'aunin Celsius, gwargwadon wanda ka tambaya a cikinsu. Yawanci 'ya'yan itatuwa ne, ganyaye, gyaɗa da danginta, iri irin su riɗi, da tsiron hatsi. Abin ba sabo ba ne. Tun wajen 1900 wani likita a Suwizalan, Maximilian Bircher-Benner, yake ciyar da marasa lafiyarsa ɗanyar tuffa da jiƙaƙƙen hatsin oat, kuma daga nan muesli da ake sayarwa a kantuna yau ya samo asali.

Akwai gaskiya a maganarsu. Zafi yana rage bitamin C da folate, musamman in an tafasa ganye an zubar da ruwan, irin yadda muke yi wa alayyafo har ya fita hayyacinsa. Wanda ya koma ɗanye kuma, ba tare da ya lura ba ya rabu da soye-soye, lemon kwalba, biskit da tarin dunƙulen miya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da kayan lambu kullum, gishiri kuma kada ya kai giram 5. Mai cin ɗanye yana cika waɗannan ba tare da lissafi ba.

Akwai kuma inda suka zarce. Suna cewa ɗanyen abinci yana ɗauke da sinadaran inzayim masu taimaka wa narkewa, dafuwa kuma tana kashe su. To ai ruwan tsamin ciki ma yana wargaza yawancinsu, jiki kuma yana ƙera nasa. Wasu abubuwan ma sai an dafa jiki yake fin cin moriyarsu: sinadarin laikofin na tumatir da karotin na karas sun fi shiga jini bayan sun ji wuta da ɗan mai. Duk wannan na karanta shi a makaranta. Tsoro ne ya sa na yi kamar ban sani ba.

Sati uku na ɗoki

Satin farko na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Kumburin ciki ya tafi, nauyin nan da ke danne ni bayan tuwo ya tafi, kilo biyu suka sauka. Ina ta ɗaukar hoton kwanona ina turawa. Maigidana yana leƙowa ya ce, "Madam, yau kuma wane ganyen za a yi kiwo?" In ce, "Yallaɓai, ka jira ka ga aiki."

Girkin gida kuwa bai tsaya ba. Ina tuƙa tuwon shinkafa, ina kaɗa miyar kuka, amma ba na ɗanɗanawa. 'Yata mai shekara tara ita ce ta zama mai ɗanɗana gishiri, sai in miƙa mata ludayi in tsaya ina kallon bakinta.

A sati na biyu sanyi ya fara shiga ƙashina. A Manchester a Janairu, kafin biyar na yamma gari ya yi duhu. Mutanen da na kalla a bidiyo yawancinsu suna wurare masu rana ne, gwanda tana nuna a bayan ɗakinsu. Ni kuwa mangwaron da ke kanti ya yi tafiyar dubban mil, ga tsada ga lami. Kuɗin cefanena ya kusa ninkawa.

Sai yunwa. Bari in ba ku lissafi mai sauƙi. Mace baliga tana buƙatar wajen kalori 2,000 a rana. Giram 100 na kabeji kalori 25 ne kacal, na kokwamba bai ma kai haka ba. Wato da kabeji kaɗai za ta dogara, sai ta tauna kilo takwas. Ni kuma ina aikin awa 12 da rabi a tsaye, wayata tana nuna mini taku dubu 14 kafin gari ya waye. Cikina a cike yake, amma jikina yana bin bashi. Na fara jin jiri in na sunkuya ɗaga mara lafiya, na fara yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wata rana na tsaya gaban akwatin magani na karanta takarda ɗaya sau uku kafin ta shiga kaina. Wannan ya tsorata ni fiye da lambar 44, domin kuskurena a nan ran wani ne.

Ashe abin da na ji an daɗe da auna shi. Wani bincike da aka yi a jami'ar Giessen ta Jamus, aka wallafa a 1999, ya duba mutum sama da 500 da suka daɗe a kan ɗanyen abinci. Sun rame sosai, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na matan da ba su kai shekara 45 ba, al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke gaba ɗaya. Jiki yakan dakatar da al'ada in ya ga abin da ke shigowa bai isa ba.

Bayan burodin

Abin da ya fi ba ni kunya ya zo ne bayan daren burodin. Na ce a raina tunda na karya, ai shi ke nan, an ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba. Kwana goma na yi ina cin duk abin da na gani: cincin, shinkafa da miya faranti biyu, cakulan daga injin da ke bakin lifta. Kilo uku daga cikin huɗun da na sauke suka dawo. Na daina tura hoto, na daina amsa masu tambaya.

A cikin kwanakin nan ne Hajiya ta kira ni ta bidiyo. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta taɓa faɗin sunana ba.

"Ke 'yar nan, lafiyarki kuwa? Mijinki ya ce kin koma cin ganye kamar akuya."

"Na daina, Hajiya. Na kasa."

"To madalla da kika kasa. Amma wai shi ɗanyen abin, Turawa ne za su koya miki? Kin manta gautan da kike sata a kwandon kakarki? Aya fa? Goruba, magarya, kanya, ɗinya, gurji, rake? Kwaɗon lansir da nake muku da rani, a wuta nake ɗora shi? Mu duk mun ci, amma ba mu ce don haka an haramta tuwo ba."

Na yi dariya har da hawaye. Da na ajiye wayar sai na ɗauki biro na jera duk abin da muka tashi muna ci ɗanye a Zariya. Ya haura ashirin, har da gumba da kunun aya da yalo da tsamiyar biri. Babu ɗaya a ciki da aka taɓa ba mu da sunan magani ko horo. Marmari ne, har faɗa muke yi a kai. A nan na gane cewa tsarin da na ɗauko an gina shi ne a kan hani, kuma doka guda ce tak a cikinsa, wadda loma ɗaya ke rushewa. Duk mai bin irin wannan doka, ranar da ya gaji ko aka ɓata masa rai, ranar zai faɗi.

Abubuwan da suka riƙe ni

Na sake farawa a tsakiyar Fabrairu, bayan na zauna da wata ƙwararriyar abinci da likitana ya tura ni wurinta. Ga abin da ya yi mini aiki, yau kusan shekara biyu.

Na farko, na canza dokar. Maimakon "ba na cin dafaffe", sai ta koma "ɗanye ne ke fara shiga". Kafin kowane abinci, sai na cinye kwano guda na ɗanyen kayan lambu. Bayan nan in ci tuwona ko shinkafata, amma malmala ɗaya ƙarama, da wake ko kifi ko ƙwai. Karin kumallo da abin taɓawa tsakanin abinci duk ɗanye ne. In aka haɗa, wajen rabin abin da nake ci a rana bai ga wuta ba. Wannan doka tana da kyau ɗaya: ko a gidan biki ana iya cika ta, kuma ba ta hana ni komai, jeri kawai ta canza.

Na biyu, na rubuta dalilina inda zan gan shi. A cikin murfin robar abincina na liƙa 'yar takarda mai lamba 44, a ƙasanta na rubuta "ƙafar Baba". A da burina ya gauraye da son in rame kafin bikin ƙanwata da son a yaba mini a zaure. Irin wannan buri ba ya tsayawa da mutum ƙarfe uku na dare. Na kuma daina hawa sikeli kullum, na koma sau ɗaya a sati, awon jini kuma bayan wata uku, tunda kafin nan ba zai nuna cikakken canji ba.

Na uku, ba a fafe gora ranar tafiya. Daren da na faɗi, na shiga aiki ne da abincin da ba zai riƙe ko yaro ba. Yanzu ranar hutuna nake zuwa kasuwar Longsight in sayo abin da ke araha a lokacin. Da hunturu kabeji ne, karas, tuffa da lemon tanjarin, mangwaro da kankana kuma sai bazara. Ina wankewa, in yanka na kwana uku, in zuba a robobi. A jakata kullum akwai gyaɗa ko almon cikin tafin hannu da jiƙaƙƙiyar aya. Busasshiyar aya ana samunta a shagunan 'yan Afirka, kwana ɗaya a ruwa ta dawo kamar sabuwa. Mai da furotin ɗin da ke cikin gyaɗa da riɗi da fiya su ne ke riƙe ciki, ganye kaɗai ba ya yi.

Na huɗu, na mayar da abin ɗanɗanon gida. Salak irin na nan, da ganye uku da ruwan tsami, bai taɓa burge ni ba. Kwaɗo nake yi: kabeji yankan siriri, karas, kokwamba, tumatir, albasa, ɗan attaruhu, garin ƙuli cokali biyu, lemon tsami da ɗigon man gyaɗa. Na san masu tsattsauran ra'ayin ɗanye za su ce ai ƙuli soyayye ne. Su yi haƙuri. Ƙulin nan shi ya sa nake cinye kwano guda ina lashe cokali, har maigidan da ke mini tsiyar kiwo yanzu shi ke tambaya ko an rage masa. Da sanyi kuma ina fitar da robar daga firij minti talatin kafin in ci, in haɗa da shayin citta da kanumfari mai zafi. Yawancin abin da nake kira kwaɗayin dafaffe ashe ɗumi jikina yake nema.

Na biyar, na koyi yadda ake faɗuwa. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a University College London, wanda ya fito a 2009, ya bi mutane masu ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a. A matsakaici sai da suka yi kwana 66 kafin abin ya zame musu jiki, wasu 18, wasu har 254. Sun kuma gano cewa tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Ni a kwana na 23 na yanke wa kaina hukunci, ko rabin hanya ban kai ba. Yanzu ƙa'idata ita ce in na kauce a abinci ɗaya, na gaba in dawo, ba sai Litinin ba, ba sai sabon wata ba.

Na shida, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu huɗu ne muka ware daga babban zaure: ni, wata malamar makaranta a Leeds, wata mai aikin kula da tsofaffi a Landan, da wata 'yar zangon Kumasi da ke Birmingham. Sharaɗinmu ɗaya, duk wadda ta kauce ta faɗa, ba wa'azi, ba gori. Saƙon "yau na ci fanke shida" ya fi ƙarfafa mini gwiwa fiye da hoton kwano mai kyau, domin washegari zan ga mai shi ta dawo.

Gidan suna da gidan biki

Wannan shi ne wurin da tsarin Turawa bai san da zamanmu ba. A wurinmu ƙin cin abincin mutum magana ce babba. A cikin kwana 23 ɗin nan na je wani suna, uwar gidan ta kwana tana girki, ta kawo mini waina da miyar taushe da hannunta. Na ce na gode, ba na ci. Ta tsaya ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, ko mun yi miki wani laifi ne?" Har yau in na tuna sai na ji nauyi. A ƙasar da ba ka da dangi, matan nan su ne danginka, su za su riƙe maka yara ranar da ka kwanta asibiti. Lafiyar da za ta raba ni da su ban ga ribarta ba.

Yanzu kafin in fita sai na ci kwanona a gida. Sau da yawa nakan tafi da babbar roba ta kwaɗo a matsayin gudummawa, kuma ita ke fara ƙarewa. In an zubo mini, in karɓa da hannu biyu, in ci waina biyu da nama, in yaba, in ce, "Anti, a ƙulla mini sauran in kai wa yara." Ba wanda ya taɓa jin haushin wannan. Lemon kwalba ne kawai nake cewa a'a kai tsaye, kuma da na ce likita ya ce sugana yana hawa, sai ka ji mata uku sun matso suna tambayar yadda ake awon.

Inda nake sa hular aikina

Akwai abubuwan da ba a wasa da su. Jan wake yana da wani sinadari mai guba wanda ƙwaya huɗu ko biyar ɗanye sun isa su sa amai da gudawa, dole a jiƙa shi a tafasa sosai na aƙalla minti 10 kafin a ci gaba da dafawa. Rogo, musamman mai ɗaci, yana ɗauke da sinadarin da ke komawa sayanayid, shi ya sa iyayenmu ke jiƙa shi su dafa. Ɗanyar madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da cutar burusela da tarin fuka na shanu. Ɗanyen nama, kaza da ƙwai kuwa ba sai na faɗa ba.

Tsiron iri, wanda masu ɗanyen abinci ke ji da shi, yana tsirowa ne a ɗumi da danshi, yanayin da ƙwayoyin cuta ke so. A 2011 tsiron hulba ya haddasa ɓarkewar cutar E. coli a Jamus, mutum kusan 4,000 suka kamu, sama da 50 suka mutu. Mai ciki, tsoho, ƙaramin yaro da mai raunin garkuwar jiki kada su ci shi ɗanye. Sauran kayan lambu a wanke su da kyau a ruwa mai gudu. In an je gida hutu a ƙara kula, domin ba kowane lambu ake ba ruwa mai tsabta ba.

Bitamin B12 babu shi a tsirrai. Hanta tana ajiye na wasu shekaru, don haka mutum zai daɗe yana jin garau kafin ƙarancin jini, kasala da jin kamar ana tsira masa allura a tafin ƙafa su bayyana, kuma lahanin jijiya ba kullum yake warkewa ba. Duk wanda ya bar nama, kifi, ƙwai da madara, dole ya sha ƙwayar B12. Mu da ke ƙasashen sanyi kuma, hukumar lafiya ta nan tana ba da shawarar maikurogiram 10 na bitamin D kullum daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, masu duhun fata irinmu kuwa duk shekara.

Wanda ke allurar insulin ko shan gliclazide, in ya rage tuwo da shinkafa farat ɗaya sugansa na iya faɗuwa ƙasa warwas. Mai ciwon ƙoda, ayaba da dabino da fiya suna iya tara masa fotasiyam. Mai shan warfarin, ƙara ganye kwatsam yana canza aikin maganin. Waɗannan duka su ga likita kafin su canza komai. Masu sikila, har da wasu masu AS, su sanar da likita kafin awon HbA1c, domin sakamakon yana iya karkacewa. Mai ciki, mai shayarwa da yara kuma, ɗanye zalla ba nasu ba ne sam.

Sai wani tarko da na faɗa da kaina: ɗanye ba ya nufin babu suga. Kunun aya da dabino goma a ciki, ko lemo biyar da aka matse a kofi ɗaya, suga ne tsagwaronsa. Shi ya sa a nan ake cewa ruwan 'ya'yan itace kada ya wuce mililita 150 a rana. A tauna lemon da ɓargonsa ya fi.

Azumi, da awo na biyu

Wata guda da sake farawata azumin 2024 ya kama, a watan Maris. Na ɗauka nan zan sake rushewa, ga ƙosai, ga soyayyen dankali da ƙwai, ga kunun gyaɗa. Sai na tarar dokar "ɗanye ne ke fara shiga" kamar don azumi aka yi ta. Dabino ɗaya ko uku da ruwa, kwanon kankana ko kwaɗo, in tashi in yi Magariba, in dawo. Kafin in dawo idon yunwar ya washe, ƙosai uku sun ishe ni maimakon goma. Da sahur kuma ina cin dafaffe mai riƙe ciki, wake ko ƙwai ko oat, domin na riga na ga abin da ganye zalla ke yi wa mai aikin tsaye.

A watan Mayu na koma awo. Ina cikin bas saƙon ya shigo, na rufe allon da hannu kamar mai duba sakamakon jarrabawa, sannan na zame yatsa a hankali. 40. Na bara ya nuna 38. Nauyina ya tsaya a kilo 77, bai kai abin da na yi mafarki ba, amma ya zauna. Ba zan ce ɗanyen abinci kaɗai ya yi wannan ba, domin na rage tuwo, na bar lemon kwalba, ina kuma sauka daga bas tasha biyu kafin gida in taka. Gadon ciwon yana nan a jinina, shi ya sa duk shekara nake komawa awo.

Mai karatu, in kana da shekara 25 zuwa sama kuma akwai mai ciwon suga a gidanku, ka nemi a yi maka wannan awo, ko da kana jin ƙalau. In kuma kin fara wani tsari kin karye a hanya, 'yar'uwa, duba tsarin tukuna kafin ki zargi kanki.

Jiya ma aikin dare na yi. Ƙarfe uku da rabi abokiyar aikin nan tawa ta sake jefa burodi a inji, ta dube ni tana dariya ta ce ko in sa miki? Na ce sa mini ɗaya, amma bari in gama kwaɗona. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni da cokalinta, domin tun bara ta koyi cin ƙuli.